Amsa ga mai tambaya kan kwalejin Comboni

Salamu alaikum Yaya, na ga tambayarka cewa ƙanwarka na son shiga Comboni amma tsohuwarku a Gadarif, can gabashin Sudan, ta ce atafau ba za a kai mata 'ya makarantar coci ba, wai za a juya mata addini. To ni dai can na yi karatun kwamfuta a Khartum kafin yaƙin 2023 ya watsa mu, kuma wallahi ba wanda ya taɓa ce min zo coci. Makarantar tun 1929 take, 'yan mishan na Katolika suka kafa ta da sunan Daniel Comboni, wani bishop ɗan Italiya wanda ya rasu a Khartum a 1881, kuma tun da daɗewa musulmi ke kai 'ya'yansu.

Abin da ya fi burge ni shi ne cakuɗuwar mutane, ajinmu akwai 'yan Sudan ta Kudu, ga 'yan Eritiriya da Habasha da yawansu 'yan gudun hijira ne, ga mu, da an tashi fatur, wato karin kumallo, sai ka ga kowa ya zagaye kwano ɗaya na dafaffen waken da ake kira ful ana ta surutu da Larabci, daga nan a zarce wajen mai shayi. Da azumi abokina ɗan Juba ko ruwa ba ya sha a gabana. Masu hijabi kam birjik.

Amma fa limaman cocin nan ba sa wasa da lokaci, kuma Turanci sai ta dage. Ka fara binciko inda suke karatun yanzu tunda yaƙi ya tashe su daga Khartum, sannan ka lallaɓa Inna.