Zanen zamani ko dai watsa fenti ne kawai?

Malam, tambayarka ita ce ta ina za ka fara sanin masu zane, tunda zanen zamani a idonka kamar an watsa fenti ne kawai. Ni ma haka na fara wallahi, ina neman fuska ko doki, in ban gani ba sai in wuce.

Abin da ya buɗe min ido shi ne zanen bangon tsofaffin gidaje na birnin Zazzau da aikin aska takwas a babbar riga, ai babu hoton mutum a ciki amma kowa ya san kyau ne. To haka za ka kalli zanen zamani ma, launi da tsari.

Fara da ƴan Zaria Art Society, ƙungiyar ɗaliban zane da aka kafa a Zariya a 1958, su Uche Okeke, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, sai El Anatsui ɗan Ghana da ke haɗa murafen kwalba su zama kamar ƙaton zani.

Kar ka yanke hukunci da hoton waya, girman aikin ba ya fitowa, kuma tsada ba ita ce kyau ba. In saye za ka yi, jabu na da yawa, nemi malaman sashen zane na ABU su duba maka tukuna.