Filin Tambaya: Yaro ya iya latsa waya, fensir ya gagare shi

Tambaya: Malama, ɗana shekararsa 7, da safe yana boko, da yamma makarantar allo. A waya rubutu ba ya ba shi wuya, amma a takarda sai ya juya b ta koma d, wani lokaci ma ya faro daga dama. In saya masa tablet ne? — Wata uwa, Aboabo, Kumasi

Amsa: Hajiya, adana kuɗinki tukuna. A waya harafi a shirye yake, taɓawa kawai yaro ke yi. A takarda kuwa hannu ne ke ƙera shi, ta nan yake zama a ka. Farowa daga dama kada ya tayar miki da hankali: Larabci ta dama yake tafiya, boko ta hagu, kuma hannu ɗaya ne ke koyon duka biyun. Ki ɗiga masa jan biro a farkon kowane layi, ki ce daga nan ake tashi.

Maganin b da d shi ne a raba su. Kada ki koyar da su rana ɗaya. Ki haɗa d da c, o, a, g, domin dukkansu da gewaye suke farawa, sannan a d sanda ta biyo baya. Ita b sanda ce ta fara saukowa, ciki ya biyo baya. Ya fara zana su da yatsa a faranti mai yashi yana faɗar sautin, kafin ya koma littafi mai layin ja da shuɗi. Ki ba shi guntun fensir, ya fi tilasta riƙo da yatsu uku. Minti 10 zuwa 15 kullum ya wadatar. In aka zarce, hannu ya gaji, rubutun ya lalace, yaro ya tsani abin.

Waya tana da ranarta. In ya rubuta jimla biyu a takarda, ya kwafe su ya tura wa kakarsa ta WhatsApp, ya ga rubutu na kai saƙo. Amma ki kashe hasashen kalmomi, in ba haka ba wayar ce ke yi masa aikin. Ki ƙara Hausa a Gboard, wato allon rubutun waya, don ya samu ƙ, ɗ da ɓ. Koyar da waɗannan haruffa ya rataya a wuyanmu iyaye, tunda Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnatin Ghana ta ware wa makarantu.

In ya haura shekara 8 yana juya haruffa duk da wannan, ki zauna da malaminsa, a kuma duba idonsa.