Dodo, Gwaggon Biri da Kalmar "Wai": Amsa kan Bigfoot da Yeti

Wata malama mai koyar da Hausa ta aiko da tambaya. Ɗalibanta sun ga bidiyon wata halitta mai gashi buzu-buzu tana tafiya da ƙafa biyu a wani dajin Amurka, ana ce mata Bigfoot. Suka tambaye ta sunanta da Hausa, ta ce musu dodo. Ta ce, "Malam, na yi daidai? Kuma da gaske akwai wannan abu?"

Malama, Allah ya ƙara basira. Kin kusa, amma da ni ne da ban ce dodo ba. Dodo a bakin Bahaushe abin tsoro ne da ba a gama sanin siffarsa ba. Shi ne mai haɗiye mutane a tatsuniya, shi ne wanda ake razana yaro da shi in ya ƙi barci. Kalmar ta yi rassa: akwai dodon kunne da ke can ciki a ɓoye, akwai dodon koɗi da ke noƙewa cikin ɓawonsa, kuma in an ce mutane biyu dodo ɗaya suke yi wa tsafi, ana nufin bakinsu ɗaya. Amma ki lura, mai ba da labarin dodo yakan fara da "ga ta nan ga ta nanku", ya rufe da "ƙurunƙus". Shi da masu sauraro duk sun san ba a duniyar nan suke ba. Masu neman Bigfoot kuwa cewa suke yi dabba ce mai jini da tsoka, tana ci tana haihuwa. Idan kika ce dodo, kin yanke hukunci tun ba a saurari shaidu ba.

Gwaggon biri ma bai zauna daram ba. Asalinsa sunan babban birin nan ne mai dogon baki kamar na kare, wanda wasu ke kira bika, daga baya 'yan jarida suka ara wa gorila. Shawarata ki bar wa halittar sunanta, ki bayyana ta: "wata halitta mai kama da gwaggon biri da wai tana zaune a dazuzzukan Amurka da Kanada." Kada ki yar da wannan "wai". Ƙaramar kalma ce, amma ina ganin tana cikin mafi daraja a harshenmu. Da ita mai magana yake cewa: ga abin da na ji, ban sa hannu ba.

Sunayen su kansu suna da labari. Bigfoot ma'anarsa babbar ƙafa, kuma ya bazu ne a 1958, lokacin da wani direban katafila, Jerry Crew, ya ga manyan sawaye a wurin aikin hanya a Bluff Creek da ke Kalifoniya, jaridar yankin ta buga. Wato sunan sawu ne aka ba wanda ba a gani ba. A 2002, bayan mutuwar ɗan kwangilar aikin, Ray Wallace, iyalinsa suka fito da ƙafafun katako da aka sassaƙa, suka ce da su yake buga sawun. Sunan takwaransa da wai yake zaune a duwatsun Himalaya na Asiya kuma, Yeti, masana harshe da dama suna mayar da shi ga kalmomin mutanen Tibet masu nufin beyar ta wurin duwatsu. Beyar aron kalma ce, don dabbar ba ta ƙasar Hausa ba ce: ƙatuwa ce mai gashi, kuma tana iya miƙewa tsaye a kan ƙafafun baya. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wani mai karatu kuma ya rubuto yana cewa: "Malam, mutane da yawa sun ce sun gan shi. Ai ruwa ba ya tsami banza, kuma biri ya yi kama da mutum. Me waɗannan karin magana suke koya mana in ba mu yarda ba?"

Malam, na ji daɗin wannan tambaya, domin ka kawo karin magana biyu da ake yawan ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu. "Ruwa ba ya tsami banza" cewa yake yi duk abin da ya faru da dalilinsa. Bai faɗi mene ne dalilin ba. Na yarda mutanen nan da yawa ba ƙarya suke yi ba, sun ga wani abu. Sai dai mutum a cikin kurmi da magariba, zuciyarsa na dukan uku-uku, in ya hango beyar a tsaye daga nesa, me zai koma gida ya ce ya gani?

"Biri ya yi kama da mutum" kuwa, ana faɗinsa ne idan zargi ya fara kama hanya, alamu suka fara haɗuwa. Amma ƙarfin maganar yana kan "kama". Mai faɗinta ya san biri biri ne. Kira ne a bincika.

An kuwa bincika. A 1951 Eric Shipton ya ɗauko hoton wani babban sawu da aka danganta da Yeti a kan dusar ƙanƙara kusa da dutsen Everest. A watan Oktoba na 1967 Roger Patterson da Bob Gimlin suka ɗauki ɗan gajeren fim a Bluff Creek ɗin nan dai, wanda har yau ake jayayya ko mutum ne a cikin riga. Sawu da hoto ba su raba gardama ba, sai aka koma ga gashi da ƙashi. A 2014 Bryan Sykes na Jami'ar Oxford ya fitar da sakamakon gwajin ƙwayoyin halitta a kan gashi 30 da aka ce na irin waɗannan halittu ne. Duk suka zama na dabbobin da aka sani, irin su beyar da doki da saniya, har da na mutum. A 2017 Charlotte Lindqvist ta Jami'ar Buffalo ta gwada abubuwa tara da aka danganta da Yeti: takwas na beyar ne, ɗaya na kare. Ka ga gwajin ya koma inda sunan ya nuna tun farko. Hukumar bincike ta Amurka, FBI, ma ta taɓa gwada wani gashi da aka ce na Bigfoot ne a shekarun 1970, ya zama na barewa.

Ba na so ka ɗauka ina cewa duk abin da aka fara da "wai" ƙarya ne. Gorila kansa ya daɗe a matsayin ji-ta-ji-ta a wurin Turawa, duk da cewa mutanen da ke maƙwabtaka da shi sun san shi sarai. Abin da ya cire masa "wai" a littattafan kimiyya shi ne ƙoƙon kai da ƙasusuwa da wani likita, Thomas Savage, ya samu a Gabon, aka yi bayaninsu a 1847. Wannan shi ne ganin da ake nufi da "gani ya kori ji": abin da za a ajiye a gaban kowa, mai musu ma ya taɓa da hannunsa.

Kuma an taɓa yin ƙaton biri da gaske a kudancin ƙasar Sin, wanda masana suka sa wa suna Gigantopithecus. A 1935 Ralph von Koenigswald ya tsinci haƙorinsa a shagon masu maganin gargajiya a Hong Kong. Wannan dabba ta ƙare fiye da shekara 200,000 da suka wuce, amma ta bar haƙora sama da dubu da muƙamuƙi huɗu. Bigfoot, da ake cewa yana yawo a yau a ƙasar da mafarauta suka cika kuma kyamarori ke rataye a jikin bishiyoyi, har yanzu ba a kawo haƙorinsa ko ɗaya ba. Saboda haka ni dai a rubutuna, Malam, ba zan cire masa "wai" ba tukuna.