Me ya sa kifin amane ke cika kasuwa sa'ad da teku ta yi sanyi?

Tambaya: Malam, ni 'yar kasuwa ce a Kumasi, ina sarin kifin banda daga Elmina da Tema, garuruwan bakin teku a Gana. Kowace shekara daga Yuli zuwa Satumba amane, wato ƙaramin kifin tekun nan dangin sadin, yakan yi araha, masunta kuma su ce ruwa ya yi sanyi. A watan Maris da teku ke da ɗumi sai kifin ya yi wuya. Ni a tunanina ɗumi ne ke haɓaka rai. Yaya abin yake?

Amsa: Hajiya, masuntan nan gaskiya suka gaya miki. Sanyin da suke ji alama ce ta cewa abincin kifi ya iso.

Duk kifin da kike saye yana rayuwa ne a kan wasu ƙananan tsirran ruwa waɗanda ido ba ya gani. Ƙananan halittu su ci tsirran, amane ya ci halittun. Tsirran nan suna buƙatar hasken rana da kuma taki, wato sinadaran naitret da fosfet. Hasken yana sama, takin yana ƙasa, domin duk abin da ya mutu a teku nutsewa yake yi ya ruɓe a can. A Mashigin Tekun Gini rana takan gasa saman ruwa ya kai digiri 28 ko 29. Ruwa mai ɗumi bai kai mai sanyi nauyi ba, sai ya kwanta a sama kamar mai a kan miya, kaurinsa kamar mita 30 zuwa 50, ya hana na ƙasa tasowa. Cikin ɗan lokaci tsirran saman sun cinye takin da ke wurin. Shi ya sa tekun Maris take garau, shuɗiya, mai kyan gani, amma raga ta dawo babu nauyi.

Da shigar Yuli sai ruwan ƙasa ya taso. Ɗumin saman teku a gaɓar Gana da Kwaddibuwa yakan sauka ƙasa da digiri 25, ruwan ya koma kore-kore, da asuba har hazo kan sauka a bakin teku. Koren nan tsirran ne suka samu taki suka yi yawa.

Iska na daga cikin masu ɗago shi. Iskar damina tana kaɗawa daga kudu maso yamma, tana bin gaɓa ta nufi gabas. Saboda juyawar duniya, a arewacin layin ikwaita ruwan da iska ta tura yakan karkata zuwa dama. Wani masani ɗan Suwidin, Vagn Walfrid Ekman, shi ya fito da lissafin wannan a 1905. A gaɓar Gana dama tana nufin kudu, wato cikin teku. Ruwan sama ya ja da baya daga gaɓa, na ƙasa ya hau ya cike gurbinsa. Sai dai iskar wurin ita kaɗai ba ta isa ta yi wannan aiki ba. Akwai wata babbar kwararar ruwa da ake kira Kwararar Gini, wadda ke gudu daga yamma zuwa gabas a cikin tekun, tana ƙara ƙarfi a wannan lokaci. Idan ta wuce tsinin ƙasa na Cape Palmas, kusa da iyakar Laberiya da Kwaddibuwa, sai ta rabu da gaɓa, ruwan sanyi ya samu hanyar hawa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne har iskar da ke kaɗawa can wajen Barazil tana da hannu: takan tayar da wata igiya a ƙarƙashin ruwa, ta bi layin ikwaita ta ƙetaro Atlantika, ta ɗago ruwan sanyi kusa da sama a ɓangarenmu.

A gabashin Cape Palmas da Cape Three Points na Gana kuma ruwa yakan nannaɗe ya riƙa juyawa, faɗin juyin ya kai kilomita da dama. Irin wannan juyi, idan yana tafiya akasin hannun agogo a arewacin ikwaita, tsakiyarsa kan ɗago ruwan ƙasa. Yana kuma riƙe tsirrai da ƙwan kifi kusa da gaɓa, kada kwarara ta kwashe su zuwa inda babu abinci. Akwai ƙaramin tashin ruwan sanyi wajen Janairu, amma ba ya jimawa, kuma a gaɓar Najeriya abin ba shi da ƙarfi irin na Gana.

Ga abin da ke damuna, Hajiya. Watannin da kifi ke taruwa su ne watannin da yake zuba ƙwai. Ki duba cikin ɗanyen amane a Agusta, za ki ga ƙwai cike. A tsakiyar shekarun 1990 Gana takan kama fiye da tan 100,000 na wannan kifi a shekara. A 2016 abin da aka kama bai kai tan 30,000 ba. Ruwan sanyi bai daina tasowa ba. Jirage ne suka yi yawa, ga kamun dare da fitila, ga cinikin saiko, inda manyan jirage suka riƙa kwashe ƙananan kifi suna sayar wa masu kwale-kwale a tsakiyar teku. Saboda haka ne gwamnati ta shigo da rufe kamun kifi na ɗan lokaci a daidai wannan kaka. Na san rufewar tana cizon aljihun masunta da 'yan kasuwa irinki, amma ina ganin daidai ce, muddin an fara tsananta ta a kan manyan jirage. Ke kuma idan an kawo miki kwandon da kifinsa bai wuce tsawon yatsa ba, ki bar shi, bai kai ga zuba ƙwai ko sau ɗaya ba.