Gwajin ADF ya ce farashin geron bai tsaya ba: me zan yi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a sashen tattalin arziki na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ina nazarin farashin gero na wata-wata a Sakkwato daga 2015 zuwa 2024. Na yi gwajin ADF (Augmented Dickey-Fuller, mai duba ko jerin lambobi ya tsaya) a manhajar ƙididdiga ta EViews, ya ba ni p = 0.62, malamina ya ce bayanan ba su tsaya ba. Me ke nan?

Amsa: Ƙanena, malaminka ya yi gaskiya. Jerin lambobi ya tsaya ne idan matsakaicinsa da faɗin hawa da saukarsa ba sa sauyawa da tafiyar lokaci; ko ya yi nisa, yakan dawo gida. Farashin gero kuwa yakan sauka da kaka, amma kwanon da ka saya a 2015 ba ka ƙara ganinsa a wannan kuɗin ba.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne karatun p, wato lambar da gwajin ke bayarwa don auna ƙarfin hujja. Gwajin, wanda ya samo asali daga aikin Dickey da Fuller na 1979, yana farawa da zaton cewa bayanan ba su tsaya ba. Sai p ta yi ƙasa da 0.05 kake da hujjar rushe zaton. 0.62 ba ta ko kusa.

Ka ɗauki logaridim na farashin, ka cire na watan jiya daga na wannan wata, ka sake gwajin. A EViews zaɓin 1st difference ne a akwatin Unit Root Test. A manhajar Stata umarnin dfuller ne. Ka tabbatar da sakamakon ta hanyar wani gwajin tsayuwa mai suna KPSS, amma ka kula, shi zatonsa a juye yake: ƙaramar p ce ke nuna rashin tsayuwa. Idan ka tsallake wannan duka, za ka iya samun kyakkyawar alaƙa tsakanin gero da abin da bai shafe shi ba, tarkon da Granger da Newbold suka nuna tun 1974.

Abin da ya fi damuna shi ne shekarun da bayananka suka ƙunsa. A Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, a Yuni aka saki naira ga kasuwa. Perron ya nuna a 1989 cewa tsalle ɗaya irin wannan yana iya ruɗin ADF. Saboda haka ka fara zana hoton bayanan ka kalle shi da idonka. In ka ga karaya a nan, gwada Zivot-Andrews, gwajin da ke la'akari da irin wannan karaya, kafin ka koma wurin malaminka.