Me yasa kudancin Jamus Katolika ne, arewa kuma Furotesta?

Malam tambayar nan taka ta dalilin rabuwar Kiristocin Jamus gida biyu, amsarta tana wajen sarakuna ne, ba wai talakawa suka zauna suka zaɓa ba. Bayan wani malamin coci Bajamushe, Martin Luther, ya ƙalubalanci cocin Roma (wato Katolika) a 1517 rigima ta ɓarke, kuma lokacin babu ƙasa ɗaya da ake ce mata Jamus, ƙananan masarautu ne birjik kowa da sarkinsa. A 1555 akayi sulhu a Augsburg cewa addinin sarki shine addinin talakawansa, in baka yarda ba ka tattara komatsanka ka bar masa ƙasarsa. To sarakunan Bavaria da ke kudu suka riƙe Katolika, na Saxony da Brandenburg da ke ta arewa suka bi Luther, wato Furotesta, shikenan taswirar ta zauna. Sulhun ma bai hana Yaƙin Shekara 30 ba, 1618 zuwa 1648, wanda ya cinye garuruwa da yunwa da annoba.

Da Bismarck, shugaban gwamnatin masarautar Prussia, ya haɗa ƙasar a 1871 Katolika kusan kashi ɗaya cikin uku ne, shi kuma bai yarda dasu ba, gani yake biyayyarsu na wajen Paparoma. Ya kori 'yan Jesuit, wata ƙungiyar limaman Katolika, a 1872, aka ɗaure bishop-bishop, aka wajabta ɗaurin aure a ofishin gwamnati. A ganina nan ya tafka kuskure, don matsin sai ƙara wa jam'iyyar Zentrum ta Katolika ƙuri'u yayi, dole daga baya ya sassauta.

Gabashin ƙasar kuwa yanzu yawancinsu basu bin kowane coci, tasirin mulkin kwaminisanci ne na wajen shekara 40.