Tambaya da Amsa: Mai Ɗibar Miliyoyi a Mako, Me Zai Kai Shi Yajin Aiki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Musu ne ya sarƙe mana a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu. Wani ya tuno maganar da Rodri na Manchester City ya taɓa yi, cewa 'yan wasa sun kusa shiga yajin aiki. Ni kuwa na ce shaci-faɗi ne, wanda ake zuba wa dubban fam duk mako, yajin me zai yi? Shin an ma taɓa yin haka a ƙwallo? Sannan ina da ƙane da ke buga wa wata ƙungiya a nan gida, wata huɗu ke nan ba a ba shi ko sisi ba. Me doka ta ce a kansa? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. An taɓa yi, ba ma sau ɗaya ba. Kuma rigimar Rodri da ta ƙanenka Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Tushenta ɗaya: idan ɗan wasa ya sa hannu a takarda, ina iyakar ikon mai kulob a kan jikinsa, da lokacinsa, da hanyar fitarsa? Yawan albashi reshe ne kawai.

A Ingila, har zuwa farkon 1961, akwai dokar da ta hana a biya ɗan wasa sama da fam 20 a mako, komai ƙwarewarsa, komai cikar filin wasa. Masu kulob ne suka haɗa kai suka kafa ta. Jimmy Hill, ɗan wasan Fulham da ke shugabancin ƙungiyar 'yan wasa ta PFA, ya sa ranar shiga yajin aiki a Janairun shekarar. Saura 'yan kwanaki masu kulob suka ga uwar bari, suka soke dokar. Ba a jima ba Fulham ta mai da albashin Johnny Haynes fam 100 a mako, ninki biyar. Ka ga a nan barazana kaɗai ta isar.

Sai dai an saki bakin aljihu ne, ba a kwance igiyar ƙafa ba. A lokacin ko kwantiraginka ya ƙare, rajistarka na hannun kulob, ba ka da ikon zuwa ko'ina sai ya ga dama. George Eastham ya yi wa Newcastle yaji shi kaɗai a kan haka, har ta sayar da shi ga Arsenal a 1960, amma bai janye ƙarar da ya kai Newcastle kotu ba, kuma a 1963 kotu ta ce wannan riƙo ya saɓa wa doka.

Wanda ya tsinke igiyar gaba ɗaya shi ne Jean-Marc Bosman, kuma labarinsa ne nake so ka kai wa abokan musunka. Ɗan Beljiyam ne, ba wani shahararre ba, yana buga wa RFC Liège. Kwantiraginsa ya ƙare a 1990. Kulob ya ce in yana son zama, to a kan kusan rubu'in albashinsa na da. Ya samu Dunkerque ta Faransa tana son sa, Liège ta tsaya sai an biya ta kuɗi a kan mutumin da ba shi da sauran yarjejeniya da ita, ciniki ya watse, aka bar shi ba tsuntsu ba tarko. Shekara biyar yana zarya a kotu. Ranar 15 ga Disamba 1995 Kotun Tarayyar Turai ta ba shi gaskiya: ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana iya komawa kulob ɗin wata ƙasar Tarayyar ba tare da an biya ko kwabo ba. Duk ɗan wasan da ka ji an ce ya tafi kyauta ya kwashi kuɗin sa hannu mai tsoka, kamar Lewandowski zuwa Bayern a 2014 ko Mbappé zuwa Real Madrid a 2024, inuwar Bosman ya sha. Shi kuwa lokacin da hukuncin ya fito yana da shekara 31, ƙungiyoyi sun riga sun ƙaurace masa, ƙwallonsa ta mutu, daga baya har tallafin gwamnati ya koma karɓa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin lura a nan shi ne, a ƙwallon Turai manyan nasarorin 'yan wasa a kotu aka fi samun su, ta hannun mutum ɗaya da ya sadaukar da sana'arsa. Ko a Oktoban 2024 haka aka sake yi, inda kotun ɗin ta ce wasu dokokin sauya sheƙa na FIFA sun saɓa wa dokar Turai, a ƙarar Lassana Diarra wanda ya saɓa da Lokomotiv Moscow tun 2014.

Yajin aiki na gaske kuwa, wanda aka rufe filaye, an gan shi a Agustan 2011. A Sifaniya an ɗage makon farko na Laliga saboda 'yan wasa kimanin 200 na bin ƙungiyoyi bashin kusan yuro miliyan 50. Casillas da Puyol, taurarin Real Madrid da Barcelona a lokacin, ba sa bin kowa bashi, amma sun zauna a sahun gaba ranar da aka sanar da yajin, kuma zamansu ne ya ba shi nauyi. A watan dai Italiya ma ta ɗage makon farko, kuma ɗaya daga cikin abin da ya haɗa su shi ne ɗabi'ar ware ɗan wasan da kulob ya gaji da shi, a ce ya riƙa atisaye a gefe har ya gaji ya tafi da kansa.

A Amurka abin juyawa yake yi. A gasar NFL, ta ƙwallon nan da ake runguma a ruga da ita, masu kulob 32 ne da kansu suka garƙame ƙofa a 2011, daga Maris zuwa Yuli, kan yadda za a raba kuɗin shiga na kusan dala biliyan 9 a shekara. Suna iya yin haka ne don gasar tasu ce su kaɗai, ba mai faɗuwa zuwa ƙaramin rukuni, kuma ɗan wasa ba shi da wata kasuwar da za ta biya shi haka. Mai kulob a Ingila ya gwada rufe ƙofa mana, kafin gari ya waye Sifaniya da Saudiyya sun kwashe masa yara.

Yanzu Rodri. Ba ƙarin albashi ya nema ba, yawan wasa ya yi kuka da shi. A Satumban 2024 ya yi maganar, daidai lokacin da aka faɗaɗa gasar Zakarun Turai zuwa ƙungiyoyi 36, wasannin zagayen farko suka tashi daga 6 zuwa 8, ga kuma gasar kulob-kulob ta duniya mai ƙungiyoyi 32 tana tafe a bazarar 2025, lokacin da ya kamata a ce ana hutu. Ba a yi mako guda ba jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasan Arsenal, ya yi jinyar kusan kakar gaba ɗaya. Masu kulob a wannan batu baki biyu gare su: koci na kukan gajiyar yara, ofis na ƙirga kuɗin gasar. Amma in don ra'ayina ne, da wuya ka ga taurari sun ajiye takalma. Sana'a ce ta shekara goma zuwa sha biyar, kuma duk wanda ya zauna, akwai yaro a benci da ke addu'ar ya samu gurbinsa. Don haka a wannan ɓangaren musun kana da rabin gaskiya.

Sai batun ƙanenka, wanda ya fi damuna. Tun 2018 dokar FIFA ta fayyace cewa idan kulob ya riƙe albashin wata biyu, ɗan wasa na da hujjar soke kwantiragi, kuma ya nemi haƙƙinsa da diyya. Amma da sharaɗi: sai ya rubuta wa kulob takardar gargaɗi, ya ba su aƙalla kwana 15 su biya duka. Takarda nake nufi mai kwanan wata da shaidar an karɓa, ba saƙon murya a WhatsApp ba. Kada ya kuskura ya tattara jakarsa ya bar sansani don fushi kafin wannan, domin nan take za a juya magana a ce shi ya gudu. Ka kuma sani FIFA ta fi sauraron ƙarar da ta haɗa ƙasa biyu, kamar ɗan Najeriya da kulob ɗin Masar, kuma a can tana iya hana kulob sayen 'yan wasa har sai ya biya. Ɗan gida da kulob ɗin gida kuwa, hanyarsa ita ce kwamitin sulhu na hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Inda gizo ke saƙa a nan shi ne, yawancin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne. Wanda ƙanenka ke bi bashi ba ɗan kasuwa ba ne da ke tsoron asara. Sau da yawa shugaban kulob ɗin ma jira yake a sa hannu a fayil, in kuma aka sauya gwamnati sai a ce bashin na waɗanda suka wuce ne.

Wani yaro ya taɓa zuwa wurina da irin wannan kuka, riƙe da baƙar leda. Ya zazzage ta a kan tebur: katin shaida, hotonsa sanye da rigar kulob, da wata 'yar takarda da ya riƙa rubuta alawus ɗin wasa da biro. Na ce ina kwantiragin? Ya ce ai a ofis ya sa hannu, kofi biyu, suka ce za su buga hatimi su aiko masa. Shekara ɗaya da rabi ke nan. Albashin ma a hannu ake ba shi, ba ta banki ba, don haka ba mu da abin nuna ko nawa ne, balle yaushe aka daina. Ka kira ƙanenka yau ka tambaye shi ko nasa kofin na hannunsa. In yana nan, ya ɗauki hoton kowane shafi ya turo maka, ya kuma ciro bayanan asusunsa na banki na watannin da aka biya shi, sannan ku nemi lauya ya rubuta takardar kwana 15 ɗin.